Zuwa ga ƙannena masu son koyon rubuta manhaja



Tambayar da kuka fi damuna da ita ita ce: "Yaya, da wane yaren kwamfuta zan fara?" Ni ma na yi wannan ruwan ido. Wata shida na kwashe ina sauke bidiyo har wayata ta cika, yau Python, gobe Java, amma ban rubuta layi goma da hannuna ba. Datar kawai na ƙona.

Ku dubi CS50 na jami'ar Harvard, darasin da David Malan ke koyarwa, kyauta a edX da YouTube. Da Scratch ake farawa, kana jera tubala masu launi kamar magini, wata kyanwa tana motsi a allo. Daga nan a jefa ka cikin C na tsawon makonni, yaren da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, wanda in ka manta waƙafi mai ruwa guda ɗaya sai ya ƙi tashi gaba ɗaya. Akwai aikin da ake ba ka na gina dala da alamar #, hawa-hawa. Abin kamar wasan yara, amma ni kwana biyu ya ci mini. Ranar da dalar ta tsaya daidai ne na gane yadda ake sa kwamfuta ta maimaita umarni a cikin wani maimaicin, abin da bidiyo ashirin ba su cusa mini ba. Sai bayan duk wannan wahala Python ke shigowa, ka ga abin da ka zubar wa gumi ya koma layi uku.

To, malaman da kansu suna sauya yare sau da yawa a zango ɗaya. Abin da suke dasa maka shi ne yadda za ka sassare matsala gunduwa-gunduwa, kuma wannan yana bin ka duk yaren da ka koma.

In kuka matsa sai na zaɓa, zan ce Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Rubutunsa a fili yake, kuma darasin Python for Everybody na Charles Severance daga jami'ar Michigan yana tafiya a sannu. Mai sha'awar shafukan intanet ya kama JavaScript. CS50 kuwa sai mai kwamfuta da juriya, don a waya zai sha wuya.

Darasi ɗaya za ku ɗauka, taura biyu ba ta taunuwa. In an ɗauke wuta, ku rubuta aikin a takarda, ku bi shi layi-layi da biro. Kar ku kwafi amsa daga intanet don neman satifiket.

Nan da wata uku ina son ganin ƙaramar manhajar da ke lissafa cinikin shagon gidanku, da bashin da ake bin kowa. Ku turo mini ko da tana da kurakurai, mu duba tare.

Naku,
Yayanku.