Darasi na 7: Mu Tare Ƙasa Kafin Mu Sayi Taki

Manufa: mu gane yadda zaizayar ƙasa ke cin kuɗinmu, da abin da za mu iya yi ba tare da mun taɓa asusu ba.

Buɗe taro

Mai jagora ta tambaya: "A cikinmu wa ta taɓa cin rance ta sayi buhun taki, amma da kaka ta zo amfanin bai kai ba?" A bar mata biyu ko uku su ba da labari.

Ina takin ya tafi?

'Yan uwa, mu da ke noma a kan tudu, irin su Bokkos, Mangu da Pankshin a jihar Filato, yawancin gonakinmu a gangare suke. Ruwan farkon damina yakan zo da ƙarfi, ya tarar an share gona an ƙone, babu abin da ya rufe ƙasa. Kafin ya nutse, ya gangara. Jan ruwan nan da ke kwarara zuwa rafi, ƙasar gonarki ce a ciki.

Kuma ta sama yake kwashewa, baƙar nan mai laushi inda abincin shuka yake. In kin zuba NPK ko yuriya aka tafka ruwa, har da shi zai tafi. Taki yana rafi, bashi kuwa yana nan yana jiran ranar biya.

Ga alamun da za ki duba: tsakuwa ta fito fili, saiwar masara tana waje, ƙananan hanyoyin ruwa sun tsaga gona, dankali yana fitowa ƙanana. In an ƙyale hanyoyin nan, su ne ke zama kwazazzabo.

Haka abin yake a filin kiwo. In dabbobi suka daɗe wuri ɗaya, har da namu awakin, sukan cinye ciyawa ƙarƙaf, kofato ya danne ƙasa ta yi tauri. Ruwa ba ya shiga, sai ya faɗo gonakin da ke ƙasa. Makiyayi ya rasa ciyawa, manomi ya rasa ƙasa. Asarar ta kowa ce.

Mu gwada da idonmu

A cika faranti biyu da ƙasa, a rufe ɗaya da busasshiyar ciyawa. A karkata su, a zuba wa kowanne buta ɗaya ta ruwa, a tari abin da ya zubo a kwano. Wane ruwan ne ya fi dauɗa?

Abin da za mu yi

1. Kunya a gicciye. Kada kunya ta bi gangare daga sama zuwa ƙasa, don hanya kika yi wa ruwa.

2. Jerin duwatsu. Duwatsun da muke tsincewa mu zubar, mu jera su a gicciye. Ruwa zai wuce a hankali, ƙasa ta tsaya. Ba sabon abu ba ne. Mutanen Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa sun gaji noma hawa-hawa a jikin dutse, har UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

3. Layin jema ko gamba. Saiwarsu tana riƙe ƙasa, gamba kuma abincin dabbobi ce.

4. A daina ƙona kara da ciyawa. A shimfiɗa su a gona su ruɓe.

5. A haɗa takin gargajiya da na zamani, a rufe shi da ƙasa bayan an zuba. A riƙa sa wake ko waken suya, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Yadda za a gane layin da ya daidaita: a ɗaure sanduna uku kamar harafin A, a rataya igiya da dutse daga samansa. A tsayar da shi, a yi alama inda igiya ta taɓa sandar tsakiya. A musanya wa ƙafafun wuri, a sake alama. Tsakiyar alamun biyu ita ce daidai. Duk inda igiya ta faɗa a kanta, a kafa turke a gindin kowace ƙafa, a ci gaba har ƙarshen gona.

Aikin ƙungiya

Mace ɗaya ba za ta iya jan duwatsu ita kaɗai ba, don haka mu yi gayya da rani, gonar mutum ɗaya kowane mako. In gonar maigida ce ko ta haya, a yi magana da mai ita tukuna, a gaban shaida, kada ki gyara gona baɗi a karɓe ta.

Tambayoyi

Gonar wa ruwa ya fi ci, mu fara da ita? Shin mu sa doka cewa mai neman rancen taki ta fara gicciya kunyarta?

Aikin gida: kowacce ta zaga gonarta ta gano inda ruwa ke shiga da inda yake fita, ta zo mana da bayani a taro mai zuwa.