Kututturen kabeji zai iya sake ba ka amfani

Tambaya: Ina noman rani a fadamar Kwalkwalawa. Idan na yanke kabeji, tuge kututturen zan yi? Wani manomi, Sakkwato.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar tugewa. Ka yanke kan da wuƙa mai kaifi, ka bar kututturen da manyan ganyen ƙasa huɗu ko biyar, domin su ke ciyar da saiwa. Ka ɗan tsaga saman kututturen gicciye, ka zuba ruɓaɓɓen takin gida, ka ci gaba da ban-ruwa. Tsiro zai fito da yawa. Ka bar uku masu ƙarfi, ka cire sauran. Bayan mako shida zuwa takwas za ka samu ƙananan kawuna kamar dunƙulen hannu, masu taushi, sun fi dacewa da kwaɗo da tukunyar gida fiye da kasuwa.

Amma lokaci ne babban sharaɗi. Kabeji ɗan sanyi ne, zafin Sakkwato kuwa yakan haura digiri 40 a Afrilu. Wanda ka yanke a Disamba ko Janairu, cikin hunturu, shi ke da rabo. Na Maris ba zai naɗe ba, ka ba dabbobi.

Ka riƙa duba bayan ganye saboda tsutsa, kana fesa jiƙon 'ya'yan dogonyaro da yamma. Kututturen da ya fara ruɓa kuwa, tuge shi ka fitar daga lambun.