Zurfin Ciki da Iyakarsa

'Yata, matso kusa ki ji. Bahaushe ya ɗora wa ciki kaya mai yawa. Can tuwo yake sauka, can ɗa yake kwana wata tara, shi ya sa ake cewa wane da wane ciki ɗaya suka fito. Murna ma can muka ajiye ta muka ce farin ciki, ɓacin rai kuma baƙin ciki, har mai hassada muke kira ɗan baƙin ciki. Wanda tsoro ya kama, cikinsa ne ya ɗuri ruwa. Ko gidan nan da aka kawo ki, baƙo iyakarsa zaure, cikin gida kuwa sai wanda aka yarda da shi.

Manya sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma gaskiyarsu ne. Za a zo miki da fara'a ana bugun cikinki: me maigida ya kawo, yaya kuke da uwar mijinki. Ki yi murmushi, ki kawo ruwa, ki sauya zance. Sirrin da ƙawa ta ba ki amana ne, ko kun ɓata kada ya fito.

Amma zurfin ciki yana da inda yake zama cuta, kuma nan nake so ki buɗe kunne. Mu a zamaninmu kunyar cikin fari ta sa yarinya ba ta faɗa, sai ya fito kowa ya gani, a ce ai tana da juna biyu. Kunya ado ce, ban musa ba, sai dai ba ta auna jini. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na farkon a cikin makonni 12. A wurin awo ne ake gano hawan jini da ƙarancin jini tun ba su yi ƙarfi ba. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ganin dishi-dishi, duk suna iya zama alamun da ke gabatar jijjiga, ba abin daurewa ba ne. Zubar jini kuwa ko kaɗan ne, ba a kwana da shi.

In Allah Ya kawo rabo, ba sai unguwa ta ji ba. Ki faɗa wa maigidanki, ki faɗa mini, mu tafi awo tare. Allah Ya yi miki albarka.