Gogamasu Da Makero: Yadda Ake Gano Aikin Magani

Ina aji uku a firamare a nan Birnin Gwari makero ya fito mini a ƙeya. Kakata ba ta yi wata-wata ba, ta tsinko ganyen gogamasu a bakin gona, ta murtsuke ta goga mini. Kai, zafin nan har yau ban manta da shi ba, sai ka ce an ɗora mini garwashi! Amma bayan 'yan kwanaki makeron ya bushe. Tun daga ran nan nake tambayar kaina: abin da ya kashe cutar shi ne ya ƙona mini fata, ko kuwa abu biyu ne a ganyen?

Da na shigo sakandare na kai wa malaminmu na kimiyya tambayar. Ya ce makero da kyasbi wasu ƙananan halittu ne ke kawo su, dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Wuyar kashe su ita ce ginin ƙwayoyin jikinsu ya yi kama da namu, watau abin da zai cuce su ya kan taɓa mu. Sa'an nan ya ba ni labarin wani magani mai suna amfoterisin B.

An samo maganin nan a 1955 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Da shi ake ceton masu ƙanjamau idan funfuna ta haddasa musu sanƙarau, sai dai yana lahanta ƙoda ƙwarai. Shekara da shekaru masana sun ɗauka huda fatar ƙwayar cutar yake yi, abin da ke ciki ya tsiyaye ta mutu.

To, wani masani, Martin Burke na Jami'ar Ilinoi a Amurka, da ɗalibansa suka bi wata dabara. Alal misali, in kana son sanin haƙorin mabuɗi da ke buɗe kwaɗo, sai ka sa a yanko maka irinsa da yawa, kowanne ka goge masa haƙori ɗaya, ka gwada. Haka suka yi. Suka harhaɗa 'yan'uwan maganin a ɗakin bincike, kowanne da ɗan bambanci guda. Wanda aka cire wa wani ɗan sukari da ke maƙale a gefensa ya kasa kama wani kitse mai suna agostarol da ke fatar funfuna, bai kuwa kashe kome ba. A 2012 suka nuna wani wanda ba ya iya huda, amma yana kama kitsen. Shi kuwa ya kashe cutar! Ashe hudar ba ita ce jigon aikin ba. A 2014 suka bayyana cewa maganin taruwa yake a waje kamar soso, yana tsotse kitsen.

Nan ne ni abin ya fi burge ni, domin ya taɓo tambayata. Mu ma fatar ƙwayoyinmu tana da kitse mai kama da wancan, kolestarol, kuma sosan ba ya tantancewa sosai, shi ya sa ƙoda ke shan wuya. Da aka gane haka aka ci gaba da sassaƙa, har a 2023 suka ba da labarin wani ɗan'uwan maganin da ya kashe funfuna a jikin ɓeraye bai lalata musu ƙoda ba.

Gogamasu ma an taɓa bincikensa. A 1999, shekarar da dajinmu na Kamuku ya zama gandun daji na ƙasa, wasu masana suka fitar da wani sinadari daga cikinsa mai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Ga kuma marke da sauran itatuwan dajin da tsofaffinmu ke sassaƙowa, ko da yake shekarun 'yan bindiga sun hana da yawansu shiga, wasu kuma sun rasu da saninsu. Kakata dai tana nan da ranta. Hutun da ya wuce na zauna gabanta da littafi, ta lissafa mini ganye da saiwa goma sha ɗaya na ciwon fata, na rubuta kowanne da yadda ake haɗa shi da kuma irin zafin da yake yi.