Haruffa Masu Lanƙwasa a Allon Kwamfuta

A ce wani malami a Gwammaja ya rubuta manhaja da harshen C domin adana sunayen ɗalibansa, daga baya ya so ya ƙara mata jerin zaɓi da ncurses. Wannan tarin umarni ne na tsara rubutu a allo, wanda ya fito a 1993, magajin curses da Ken Arnold ya ƙirƙiro a Berkeley ta Amurka. Da ya haɗa su, sai sunan Ɗanladi ya fito a birkice, takardar sakamako ta ɓaci.

Ina dalili? A tsarin UTF-8, harafin a bayit 1 yake ci, amma ɓ da ɗ da ƙ kowannensu bayit 2 ne. Shi kuwa ncurses na asali kowane bayit harafi guda yake ɗaukarsa. Maganin shi ne a haɗa manhajar da ncursesw, a kuma kira setlocale(LC_ALL, "") kafin initscr().

Wajen farautar kuskure, a guji printf, domin yana dagula abin da ncurses ya zana. A tura bayanan cikin fayil.

Aikin gida: bayit nawa ne kalmar ƙwaƙwalwa?