Filin Shawarwari: Baba Ya Ce Akanta, Ni Kuma Kwamfuta Nake So

  

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina aji biyu a sashen nazarin duwatsu da ma'adinai. Gidanmu yana Gada Biyu. Mahaifina sana'ar dankalin turawa yake yi, yana saro shi daga Bokkos da Mangu ya sauke a kasuwar Farin Gada, wani lokaci ya yi lodi zuwa Kano. Ni ne babba a maza.

Kwanakin baya ɗan kawuna da ke karatu a Amurka ya zo hutu. A cikin hira ya ce injiniyanci ne babban fanninsa, amma ya haɗa da harkar kasuwanci a matsayin ƙaramin fanni, kuma duka biyun za su fito a takardunsa. Ya ce fom ɗaya kawai ya cike. Tun ranar Baba ya sa ni a gaba, wai lallai in je makaranta in ce a haɗa mini da akanta, domin a cewarsa duk wanda bai iya lissafin kuɗi ba yaron wani ne har abada. Ni kuwa Malam, zuciyata tana kan kwamfuta. Tun da na ga wasu 'yan aji huɗu suna zana taswira a kanta na kasa cire abin a raina.

Shin ana yin wannan haɗin a jami'o'inmu? In ana yi, wa zan samu, kuma yaushe? Wanne ya kamata in ɗauka? CGPA ɗina 3.62 ne, ina tsoron kada ya faɗi. Wani abokina kuma ya ce in sake neman gurbi a wata makaranta in riƙa yin biyun tare, wai ba wanda zai sani. Ka ba ni shawara don Allah, ba na so in saɓa wa Baba.

Ɗanka,
Ɗalibi daga Gada Biyu, Jos

AMSA

Ɗana, Allah ya yi albarka, ya ƙara wa Baba arziki da nisan kwana.

Ɗan kawunka bai yi maka ƙarya ba, amma tsarin ƙasarsu ya ba ka labari. A Amurka ɗalibi kan shiga jami'a bai ma tsayar da abin da zai karanta ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya bayyana babban fanninsa. In yana so ya ƙara ƙarami, sai ya ɗauki kwas biyar ko shida a wani sashe, ya cike fom, mai ba shi shawara ya sa hannu, a rubuta a takardar sakamakonsa. Mu namu ba haka aka gina shi ba. Tun daga fom ɗin JAMB aka ɗaure ka da sashe ɗaya, da sunan wannan sashen aka ba ka gurbi, da shi sunanka ya shiga rajista, da shi kuma za ka tafi bautar ƙasa. Saboda haka in ka tafi ofishin shugaban sashe gobe ka ce ka zo cike fom ɗin ƙaramin fanni a akanta, kada ka yi mamaki in sakatare ya ɗago kai ya dube ka.

Haɗa fanni biyu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai tun a ƙofar shiga ake zaɓarsa. Je ka kwalejin ilimi ta Gindiri ka tambayi 'yan NCE, za ka ji wannan yana Lissafi da Fiziks, wancan Hausa da Ingilishi. Masu digirin koyarwa ma haka, ilimin tarbiyya ne a gefe guda, darasin da za su koyar a ɗaya gefen. Kai kuwa ka riga ka shiga ta ƙofar digiri mai fanni ɗaya, kuma takardarka za ta fito da suna ɗaya. Ka fara sanya wa ranka wannan, sannan ka sanar da Baba cikin ladabi, don kada ya zaci ƙin bin umarninsa kake yi.

To amma abin da ke cikin ƙaramin fannin, wato ilimin kansa, ba wanda ya hana ka tara shi. Aikin dai ya koma wuyanka, kai za ka tsara wa kanka, tunda ba fom ɗin da zai tsara maka.

Wurin farawa shi ne littafin jagorar ɗalibai na sashenku, wanda na san da yawanku sun saya a aji ɗaya sun jefa ƙarƙashin katifa. Ɗauko shi ka buɗe shafukan aji uku da aji huɗu. Za ka ga kwasa-kwasai kashi-kashi: na dole, da na zaɓi. Na zaɓin nan su ne gonarka. Yawancin ɗalibai ba sa zaɓarsu da tunani, tambaya ɗaya suke yi wa na gaba da su: wane malami ne ba ya kayar da mutane? Sai ka ga yaro ya gama digiri da kwasa-kwasan zaɓi shida ko bakwai, ba guda biyu da suka san juna. Da zai jera su duka a layi ɗaya, da ya fita da abin da ɗan kawunka yake taƙama da shi, ko da ba a rubuta sunansa a satifiket ba. Kuma takardar sakamako ta dalla-dalla, wadda ake nema in za ka yi digiri na biyu, kowane kwas da ka ɗauka yana fitowa a cikinta da sunansa da makinsa.

Ka kuma tabbatar littafin da ke hannunka shi ne na shekararku. A watan Disamba na 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu da ake kira CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Sunaye da lambobin kwasa-kwasai da dama sun canza. Abin da wani ɗan aji huɗu zai gaya maka ba lallai ya yi daidai da naka ba.

Wanda za ka samu kuwa shi ne malamin da ke kula da ajinku, lebul kodineta, kuma kafin a buɗe rajistar zango za ka same shi, ba ranar da layi ya kai bakin matakala ba. Ka je da takarda a hannu: ga lambobin kwasa-kwasan da nake so, ga yunit ɗinsu, ga dalilina. Ka tambaye shi abu uku. Ko dokar sashe ta yarda ka ɗauko kwas daga wani sashe. Ko kwas ɗin yana da wani na share fage da dole sai ka ci shi tukuna. Da kuma ko za a lissafa shi cikin makinka. In ya amince, wani lokaci sai ka rubuta 'yar wasiƙa zuwa ga shugaban wancan sashen ta hannun shugaban naku. Ka riƙe kofi na duk takardar da aka sa wa hannu. A yawancin jami'o'inmu ɗalibi ba ya yin ƙasa da yunit 15 a zango, ba ya kuma wuce 24, kuma ku 'yan kimiyya na dole kaɗai kan cinye kusan duka. Ka duba jadawalin lacca da idonka. Kwas ɗin da ya yi karo da ranar ɗakin gwaje-gwaje ko fita aikin fili, ka haƙura da shi komai kyansa. Haka wanda zai sa ka tseren keke tsakanin harabar titin Bauchi da ta Naraguta a cikin minti goma.

Yanzu ga maganar makinka, kuma nan nake so ka nutsu. A ma'aunin maki biyar, 3.50 ne bakin iyakar digiri mai daraja ta biyu ta sama. Kai kana 3.62, wato kana ciki amma kana jin iskar ƙofa. Mu ƙaddara ka yi yunit 60 zuwa yanzu, jimillar makinka kusan 217 ke nan. Ka ɗauko kwas mai yunit uku daga sashen da ba naka ba, ka samu D, wadda maki biyu take bayarwa: 223 a raba da 63, ka sauko 3.54. Ka sake irinta sau ɗaya: 229 a raba da 66, ka koma 3.47. Kwas biyu kacal sun fitar da kai daga ajin da kamfanoni da masu ba da tallafin karatu da yawa suke sa wa a sharaɗi. In kuwa F ce tun a karon farko, nan take ka faɗa 3.44, ga kari-oba a wuya. Wanda zai ɗauke ka aiki ba zai tambayi kyakkyawar niyyar da ta sa ka ɗauki kwas ɗin ba. Don haka kada ka yi rajistar kwas ɗin waje sai wanda ka tabbata za ka iya cin B a cikinsa. Wanda kake so amma kake shakka, ka roƙi malamin ya bar ka ka riƙa zama a bayan aji kana saurare ba tare da rajista ba. Malamai da yawa suna jin daɗin irin wannan roƙo, don ba kullum suke samunsa ba.

Tsakanin akanta da kwamfuta, ni kwamfuta zan ce maka, ba don ita ce son ranka ba, sai don ita ce take yi wa babban fanninka hidima. Masanin duwatsu na yau rabin aikinsa a daji ne, rabi a gaban allo. Mai neman lasisin haƙar ma'adinai da lambobin wuri da taswira yake zuwa ofishin rajistar ma'adinai. Mai haƙa rijiyar burtsatse sai an auna masa ƙasa an fassara sakamakon a kwamfuta kafin ya kafa inji. Akwai manhajar zana taswira mai suna QGIS, kyauta ake sauke ta, haka yaren Python da ake sarrafa alƙaluma da shi. Ba ka buƙatar izinin kowa kafin ka fara su a daren yau.

Kuma kai Allah ya ajiye ka a inda aikin yake. Fiye da shekara ɗari ana haƙar kuza a wannan tudu, ga kududdufan da aka bari nan birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, wasu ana noman rani da ruwansu, wasu suna cin rayuka. Ɗalibin da ya ɗauki yanki ɗaya, ya sauko da hotunan tauraron ɗan'adam, ya zana taswirar kududdufan, ya je da ƙafarsa ya auna ruwan kaɗan daga cikinsu, ya rubuta kundin bincikensa na aji huɗu a kai, wannan ya riƙe abin nunawa a hannu. Ka fara yi wa malamin da kake so ya duba maka kundin magana tun kana aji uku. Haka zangon sanin makamar aiki, wato SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro, kuma hedikwatarsa tana nan Jos a kan titin Miyango. Kada ka kai takardarka inda za a sa ka sayo wa oga abinci kana jiran sa hannu a littafi. Nemi kamfanin safiyo, ko na haƙar rijiyoyi, ko ofishin da ake aikin taswira, ko da ba za su ba ka ko kuɗin mota ba.

Shawarar abokinka kuwa ka bar masa kayarsa. Ba a tauna taura biyu. Dokokin yawancin jami'o'i sun hana ɗalibi riƙe gurbin cikakken lokaci a wuri biyu, bayananka kuma suna wurin JAMB, kuma da su ake tantance masu tafiya bautar ƙasa. Ko ba a kama ka ba, ranar da jarrabawa biyu suka faɗo sa'a ɗaya za ka kama kanka.

Sai dai kada ka ɗauka Baba bai san abin da yake faɗa ba. Mutumin da ya shekara yana ba da kaya bashi a Farin Gada, yana lissafin kuɗin mota da na 'yan dako da buhunan da suka ruɓe a hanya, ya ga masu ilimi da yawa da ciniki ya kayar. Tsoronsa kada ka fito da kwali ka rasa na cefane. Kuma akanta ba ta gudu ba. Ƙungiyar akantoci ta ICAN, da aka kafa a 1965, tana karɓar mai digiri a kowane fanni ya fara jarrabawarta daga matakin farko, akwai kuma difloma ta bayan digiri a harkar gudanarwa ko lissafin kuɗi. Wannan ƙofa ce da za ka iya shiga lokacin bautar ƙasa, sa'ad da ba CGPA ɗin da za ka ji wa tsoro.

Kafin nan, ga abin da nake ganin zai sanyaya masa zuciya fiye da kowane bayani. Hutun nan mai zuwa ka karɓi littafin cinikinsa, ka zauna da shi bayan sallar isha'i, ka shigar da lissafin wata uku a kwamfuta: abin da aka saro, kuɗin lodi, asarar hanya, wa ake bi, nawa, tun yaushe. Ka buga masa a takarda da manyan haruffa, masu bashin da suka fi daɗewa a sama. In akwai kawu ko aminin Baba da yake jin maganarsa, ka fara yi masa bayanin tsarin makarantar shi kaɗai, sannan ku shiga wurin Baba tare, kai ka yi shiru ya yi magana. In kun yi, ka rubuto mini yadda aka kwana, ka haɗo da jerin kwasa-kwasan zaɓin da ke littafinku na aji uku, mu duba su tare kafin a buɗe rajista.