Amsar Tambaya: Gindin Katangar Gidanmu Yana Zaizayewa

Tambaya: Gidan gadonmu a birnin Zariya ginin ƙasa ne. Gindin bangon zaure yana ruɓewa, ga tsaga ta fito. In sa a shafe da siminti?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da simintin nan. Siminti a kan jar ƙasa rufe danshi yake a ciki, bango ya ci gaba da ruɓewa a ɓoye, ranar da yaɓen zai ɓamɓaro da ƙasar zai taho.

Fara da ruwa. Duba inda indararo ke zuba, da kwatar da ta toshe. A tsofaffin unguwanni ma lungu ya kan tashi ya fi daɓen gida tsawo, sai ruwa ya kwanta a gindin bango. Tsagar kuwa, liƙa mata ɗan yaɓe a gicciye. In ya dare bayan makonni, harsashin yana motsi, sai a kira injiniya.

Aikin na rani ne. A tokare azara tukuna, magini ya riƙa cire ruɓaɓɓen wuri kamu biyu-biyu, ya cike da dutse da tubali, ya bari ya bushe kafin ya matsa gaba. Kada ka yarda a haƙe gindin gaba ɗaya don sauri. Daga ƙarshe a yi dakali mai gangara zuwa waje.